Shekarar farko a kwalejin al'umma ta Amurka: me ke riƙe ɗiyanmu a bakin ƙofa?

Kwanan baya, bayan mun kammala shirinmu na ilimi, wata uwa ta kira mu a layin gidan rediyo. Ba ta so a sa ta a iska, tambaya ce kawai ke cin ranta. Ɗanta ya ci BAC seri D, ya bi mahaifinsa Amurka da takardun zama cikakku, yau shekara biyu ke nan. Ta ce: "Kullum na tambaye shi, sai ya ce mini shina shekarar farko. Bara shekarar farko, bana shekarar farko. Ku da kuka san boko, ku gaya mini, ƙarya yaron nan yake mini ko wasa yake da karatun?"

Mun ba ta haƙuri, muka ce ta ba mu lokaci. Abin da muka gano shi ne mai yiwuwa yaron bai yi ƙarya ba, kuma mai yiwuwa bai yi wasa ba. Akwai wani tsari a irin makarantar da ya shiga wanda ke iya riƙe ɗalibi wata da watanni, yana zuwa aji kullum, yana biyan kuɗi, yana cin jarabawa, amma a takardar makaranta bai motsa daga inda yake ba. A kan wannan tsari ne za mu tsaya yau, domin ba ita kaɗai ce ke da wannan tambaya ba.

Mu fara warware wani ruɗani. Mu nan idan an ce kolej, abin da ke zo mana shi ne CEG, inda yaro ke shiga bayan firamare har ya ɗauki bireve. A Amurka kalmar na nufin karatun bayan BAC. Wadda suke kira kwaminiti kwalej, mu ce kwalejin al'umma, makaranta ce ta gwamnatin jiha ko ta yanki, mai shekara biyu a ƙa'ida, wadda ke ba da difuloma ta sana'a ko kuma ta shirya ɗalibi ya wuce jami'a ya shiga aji na uku kai tsaye. Akwai kimanin dubu irinsu a faɗin ƙasar. Wadda ta fi daɗewa cikin na gwamnati ita ce ta garin Joliet a jihar Ilinoi, an buɗe ta a 1901. Idan muna neman ƴar uwarta a nan gida, IUT ce ta fi kusa, ko da yake ba ɗaya ba ne.

Me ya kawo maganar yanzu? A ranar 16 ga Disambar 2025 fadar shugaban Amurka ta sanya Nijar cikin ƙasashen da aka dakatar da shigar mutanensu, matakin ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Masu katin zama na dindindin ba ya shafe su. Ma'ana, waɗanda suka riga suka shiga su ne ke ciki, kuma a kansu gidaje da yawa suka ɗora buri. A unguwar Buronks ta birnin Niyok, da garin Girinsboro na jihar Karolina ta Arewa inda ƴan Nijar suka daɗe da zamna, matashin da ya je da BAC a hannu, ko wanda ya je da ɗan karatun jami'a da bai ƙare ba, galibi ta wannan ƙofa yake fara neman ilimi. A Buronks akwai Bronx Community College da Hostos, a yankin Girinsboro akwai Guilford Technical. Duk wanda ke da ɗan uwa can ya taɓa jin ɗaya daga cikin waɗannan sunaye a waya.

Abin da ke jan mutane gare su biyu ne. Na ɗaya, ƙofar a buɗe take: ba gasar shiga, wanda ke da shaidar kammala sakandare ana karɓarsa, sai dai a nemi a fassara takardunsa zuwa Ingilishi, wani wuri kuma a nemi wata hukuma ta tantance su. Na biyu, arha. Matsakaicin kuɗin karatun shekara ga ɗan yanki ya kai kusan dala 4,000. Dalar Amurka muke nufi fa, ba dalarmu ta kasuwa mai sefa biyar ba. A kwalejojin birnin Niyok mazaunin birnin na biyan dala 4,800 a shekara. Idan muka ƙiyasta dala a kan sefa 600 don sauƙin lissafi, ya kusa miliyon uku. Da yawa ne a wurinmu, amma idan aka gwada da jami'o'insu, wannan shi ne mai sauƙin. Sai dai arhar ta ɗan gari ce. A Karolina ta Arewa darasi guda mai kiredi 3 yana tashi dala 228 ga wanda aka ɗauka mazaunin jihar, kusan jika 137, baƙo kuwa dala 804, wajen jika 482. Aji ɗaya, malami ɗaya, allo ɗaya.

Tunda mun ambaci kiredi, nan ne zancen ya fara. Ba kiredin waya ba ne, ba kuma bashin banki ba. Ma'auni ne na karatu: kiredi guda kamar awa guda ce a aji kowane mako na tsawon zango, zangon kuwa makonni 15 ne ko kusa da haka, kuma ana sa ran ɗalibi ya ƙara awa biyu yana aiki a gida a kan kowace awa ta aji. Yawancin darussa kiredi 3 ne. Difulomar shekara biyu na buƙatar kiredi 60, digirin jami'a 120. A can ba a cewa wane ya wuce aji ko ya maimaita aji irin yadda muka saba. Kiredin da ka tara shi ne ajinka. Wanda bai kai wajen 30 ba ɗan shekarar farko ne, ko da ya shekara huɗu yana sintiri a harabar makarantar.

Ga wani tarko ƙarami da ke kama mutane da yawa. Makaranta na kiran ɗalibi mai cikakken lokaci idan ya ɗauki kiredi 12 a zango, kuma da wannan adadi ake ba da cikakken tallafi. Shi ne kuma mafi ƙarancin abin da doka ta ɗora wa mai bizar ɗalibi. To amma ku lissafa da mu: 12 sau huɗu 48 ne, ba 60 ba. Wanda ke son gamawa cikin shekara biyu sai ya ɗauki 15 kowane zango, ko ya cike giɓin da karatun lokacin hutun bazara. Abin ya yi yawa har jami'ar Hawai ta taɓa ƙaddamar da gangami na musamman don kawai a fahimtar da ɗalibai wannan lissafi, wasu jihohi suka kwaikwaya.

Sai kuma abin da ake karantawa. Nan ma uwaye kan yi mamaki. An tura yaro ya karanta aikin injiniya ko na jinya, sai ga shi yana ba da labarin darasin tarihin Amurka da na waƙe-waƙe. Ba shiririta ba ce, doka ce ta makaranta. Kusan rabin difulomar darussan share fage ne da kowa zai yi ko mene ne fanninsa. Mu ɗauki misalin CUNY, wato gamayyar jami'o'i da kwalejojin birnin Niyok. Tun 2013 suna da tsari na kiredi 30 na dole: 6 na rubutun Ingilishi, 3 na lissafi, 3 na kimiyyar halitta ko ta zahiri, sauran 18 kuma darussa shida ne da ake zaɓa daga fagage biyar, wato al'adun duniya, rayuwar Amurka da bambancin mutanenta, fasahar ƙirƙira, mutum da al'umma, da duniyar kimiyya. A wasu kwalejojin ana ƙara ɗan darasi na sanin makaranta, inda ake koya wa sabon shiga yadda ake tsara lokaci, da amfani da ɗakin karatu, da karanta takardar sakamako. A Karolina ta Arewa mai niyyar wucewa jami'a yana yin irinsa, kiredi guda.

Cikin waɗannan duka, biyu ne masu riƙe da makulli: rubutun Ingilishi na farko da lissafi na farko. Darussa da yawa ba a yarda ka yi rajistarsu sai ka ci ɗayan waɗannan. Kuma shiga su kansu ba kai tsaye ba ne. Ƙofar makaranta a buɗe take, ƙofar waɗannan azuzuwa biyu kuwa da mai gadi. Hangen Dala, in ji masu magana, ba shiga birni ba ne.

Mai gadin shi ne gwajin tantance matsayi. Shekaru da dama, sabon ɗalibi yakan zo ranar rajista, a zaunar da shi gaban kwamfuta, ya yi wani gwaji, wanda ya fi shahara shi ne Accuplacer. Ana gaya masa ba a faɗuwa wannan gwaji, don haka da yawa ba sa shiri. Gaskiya ne ba a faɗuwa, amma sakamakonsa ne ke yanke ko ka shiga darasin gaske, ko a mayar da kai darasin cike giɓi mataki ɗaya, biyu, ko uku a ƙasa. Waɗannan darussan cike giɓi ana biyan kuɗinsu kamar kowane, ana zuwa aji, ana jarabawa, amma kiredinsu ba ya shiga cikin 60 ɗin nan. Wanda aka sa mataki uku a ƙasa, zango uku zai yi, shekara ɗaya da rabi, kafin ya taka darasin da ake lissafa masa.

Ku dubi yadda abin ke faɗa wa namu. Yaron da ya fito daga tarminal C ko D ya yi lissafin da ya wuce abin da ake tambaya a wannan gwaji nesa ba kusa ba. Amma tambayoyin da Ingilishi suke, kuma da yawa labari ne ake bayarwa a ce ka fitar da lissafin daga ciki. Ga inci da mil da fam a maimakon mita da kilo. Inda mu muke sa waƙafi, uku da rabi mu rubuta 3,5, su ɗigo suke sawa, waƙafin kuma su raba dubbai da shi. Hatta yadda ake jera rabawa a takarda ya sha bamban da wanda mushe ya koya mana a lakwal. Sai yaro ya samu maki kaɗan, ba don bai iya ba, don bai gane me ake tambaya ba. Kwamfuta ba ta san wannan ba. Ita dai ta ga maki, ta tura shi ajin da ake koyon kasafi, shi da ya riga ya wuce wannan tun yana kolej.

Su kansu Amurkawa sun daɗe da gane akwai gyara. Wata cibiyar bincike a kan waɗannan kwalejoji da ke jami'ar Kolambiya a Niyok ta fitar da wani nazari a 2010 wanda ya girgiza masu tsara ilimi. An ga fiye da rabin sababbin ɗalibai ana tura su cike giɓin lissafi, kuma cikin waɗanda aka tura, kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke kammala matakan cikin shekara uku. Waɗanda suka kai ga cin darasin lissafi na gaske ba su wuce ɗaya cikin biyar ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a nazarin shi ne, da yawa ba faɗuwa ce ta fitar da su ba. Wasu ba su ma yi rajistar matakin farko ba, wasu sun ci mataki guda ba su koma na gaba ba. Kowane hutu tsakanin zango da zango wata kafa ce da mutum ke zubewa ta cikinta: aiki ya canza lokaci, haya ta taso, an yi haihuwa, zuciya ta karaya. Wani binciken cibiyar na 2012 ya nuna makin sakandare ya fi wannan gwaji na rana ɗaya faɗin gaskiyar wanda zai iya.

Daga nan jihohi suka shiga sauya doka. Fulorida ce ta yi tsalle mafi girma a 2013, ta ce wanda ya yi sakandaren gwamnati a jihar ya samu shaidarsa, ba dole ya yi gwajin ba, ba dole ya shiga cike giɓi ba. Tenesi a 2015 ta kawo tsarin tafiya tare: ɗalibi ya shiga darasin gaske tun zangon farko, a haɗa masa da ƙarin awoyi na taimako a gefe. Alƙaluman hukumar kwalejojin jihar sun nuna masu cin lissafin farko sun tashi daga kimanin kashi 12 cikin 100 zuwa sama da rabi. Kalifoniya, mai kwalejoji 116, ta yi doka a 2017 wadda ta tilasta a yi amfani da makin sakandare wajen sanya ɗalibi, a kuma tsara yadda zai gama Ingilishi da lissafin farko cikin shekara guda, sannan ta ƙara tsaurara ta da wata dokar a 2022. A wannan shekarar ta 2022 kwalejojin CUNY su ma suka yi ban kwana da tsofaffin darussan cike giɓi.

Labari mai daɗi ke nan, amma tsugune ba ta ƙare ba. Akwai malamai, musamman a Kalifoniya, da ke cewa an gudu ba a tsira ba: magidancin da ya bar aji shekara goma sha biyar, a jefa shi lissafin jami'a rana ɗaya, idan ya faɗi, faɗuwar na zaunawa a takardarsa, ta ja makinsa ƙasa, alhali da can yana da inda zai fara a hankali. Wani nazari da aka yi a kan Tenesi ya nuna sabon tsarin ya ƙara masu cin darasin farko, amma bai nuna ƙaruwar a zo a gani ba a yawan masu kammala difuloma. A ganinmu duk da haka gyaran ya fi rashinsa, ko ba komai ya rage wa talaka kuɗin darasin da ba a lissafawa.

Sai dai mu abin da ya dame mu daban ne. Kusan duk waɗannan gyare-gyare a kan makin sakandaren Amurka aka gina su. Dokar Fulorida ta fito fili ta ce ɗan sakandaren jihar. Wanda ya zo da takardar lise ta Maradi ko Damagaram, mai maki a kan 20, da Faransanci, ma'aikacin rajista bai san yadda zai auna ta ba, don haka sau da yawa gwaji ne makomarsa. Sannan ga matakan koyon Ingilishi na baƙi, waɗanda gyaran bai share su ba, kuma ba zai iya sharewa ba, domin harshe ba ya zuwa da doka. Ita kanta dokar Kalifoniya shekara uku ta ɗiba wa mai koyon Ingilishi kafin ya gama darasin rubutu na farko. Shekara uku! Kun ga ke nan shekara biyun da uwar nan ke ƙirgawa ba abin mamaki ba ne.

Kuma rubutun Ingilishin da ake nema ba gaisuwa da ciniki ba ne. Yaro na iya tuƙa tasi a Niyok, ya yi ciniki da kowa, ya yi faɗa da Ingilishi ma, amma a ce ya rubuta shafi biyar yana kare ra'ayi da hujja, yana nuna inda ya ɗauko kowace magana, nan ido ke raina fata. Salon ma daban ne da disartasiyon da muka koya: su tun sakin layi na farko suke son ka faɗi matsayinka. Kwafe maganar wani ba tare da ambatonsa ba kuwa laifi ne babba a wurinsu, yana iya jawo sifili a darasin baki ɗaya.

Yanzu mu zo kan kuɗi, inda agogo ke tafiya ko ɗalibi ya motsa ko bai motsa ba. Ɗan ƙasa, da mai katin zama na dindindin, da wanda aka ba mafaka, suna iya cike takardar FAFSA su nemi tallafin gwamnatin tarayya da ake kira Pell, wanda ba bashi ba ne. Mafi yawansa a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 dala 7,395 ne. Mai bizar ɗalibi ba ya cikin wannan rabo. Amma tallafin yana da iyaka: zango 12 na cikakken lokaci a duk rayuwar mutum. Duk zangon da aka ci a matakan share fage daga cikin 12 ɗin nan ake cire shi. Wanda ya ƙone huɗu kafin ya fara tara kiredi, saura takwas, daidai abin da digiri ke buƙata idan ba a yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Akwai kuma sharaɗin ci gaba. A yawancin kwalejoji, don tallafi ya ɗore sai matsakaicin makin ɗalibi ya kai 2 a kan 4, wato matakin C, sai ya ci aƙalla kashi biyu cikin uku na duk kiredin da ya yi rajista, kuma kada abin da ya gwada ya wuce 90 a difulomar mai 60. Nan ɗabi'ar da muka taso da ita ke cutar da mu. Mu mun saba da moyen: ka faɗi wannan, wancan ya ɗauke ka, idan jimla ta kai 10 ka wuce, idan ba ta kai ba akwai zagaye na biyu. A can kowane darasi da kansa yake tsayawa, kuma makin ana tara shi ne tun makon farko, daga aikin gida, da ƙananan gwaje-gwaje, da halartar aji. Wanda ya ce sai jarabawar ƙarshe zai dage, ya makara. Wanda kuma ya ga darasi ya fi ƙarfinsa ya daina zuwa kawai ba tare da ya janye a rubuce kafin ranar da aka ƙayyade ba, faɗuwa za a rubuta masa, wani lokaci har a nemi ya mayar da wani ɓangare na tallafin. Ko janyewar da aka yi bisa ƙa'ida, ba ta taɓa maki, amma tana shiga lissafin kashi biyu cikin ukun nan.

A nan za mu faɗi wata magana da ba kowa zai ji daɗinta ba. Mu na gida muna da hannu. Kiredi 15 na nufin awa 15 a aji da wajen awa 30 na aiki a gida, awa 45 a mako, aikin ma'aikaci cikakke. Yaron da muke kira ranar Juma'a a kan kuɗin buhun hatsi, ranar Lahadi a kan bikin ƙanwarsa, wata mai zuwa a kan ragon layya, dole ya ƙara awoyin aiki a shago ko a kan babur yana kai abinci. Awoyin nan daga karatu yake yanko su. Sai ya koma kiredi 6 a zango, difulomar shekara biyu ta zama ta shekara biyar, mu kuma mu dawo muna tambaya me ya hana shi gamawa. Ba mu ce kada a taimaki gida ba, don wasu gidajen da wannan kuɗi tukunya ke hawa wuta. Amma ba a cin biyu a lokaci guda, kuma gara a zamna a yi maganar a fili da a bar yaro yana ɓoye takardar sakamako.

Ko wanda ya tsallake duk wannan, zaɓin da ya yi a shekarar farko na iya biyo shi. Lissafin farko ba iri ɗaya ba ne: akwai hanyar ƙididdiga da lissafin yau da kullum, akwai hanyar aljabara da ke kaiwa ga babban lissafi. Mai son injiniya ko kwamfuta da ya ɗauki ta farko don ta fi sauƙi, zai dawo ya sake. Difulomar ma iri-iri ce: wadda aka tsara don wucewa jami'a daban, ta sana'a da aka tsara don shiga aiki daban, kuma kiredin ta biyun ba duka jami'a ke karɓa ba. Aikin jinya, wanda ƴan matanmu da yawa ke buri, shi ba buɗaɗɗiyar ƙofa ba ce ko a cikin kwalejin: sai an gama darussan sanin jikin ɗan Adam da makamantansu da maki mai kyau, sannan a yi takarar gurbi. Ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya ƙiyasta a 2017 cewa ɗaliban da suka sauya makaranta sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin 100 na kiredinsu. Kusan takwas cikin goma na masu shiga waɗannan kwalejoji suna cewa digiri suke so, amma waɗanda ke samunsa cikin shekara shida ba su wuce kashi 16 cikin 100 ba. Jihohi irin su Karolina ta Arewa suna da yarjejeniya a rubuce tsakanin kwalejojinsu 58 da jami'o'in gwamnati a kan darussan da dole a karɓa, amma sai wanda ya bi jerin ne take yi wa amfani, kuma galibi sai da makin C ko sama.

Ba duka labarin ne baƙi ba. A Niyok akwai shirin ASAP da aka fara a 2007: ɗalibi ya yarda zai yi cikakken lokaci, su kuma su cike masa giɓin kuɗin karatu, su taimaka da littattafai da kuɗin jirgin ƙasa, su haɗa shi da mai ba da shawara da zai riƙa ganinsa a kai a kai. Da aka gwada shi ta hanyar ƙuri'a, masu kammalawa cikin shekara uku sun kai kashi 40 cikin 100, waɗanda ba sa ciki kuwa 22. Malaman nan dai su ne, darussan su ne, abin da ya bambanta shi ne an samu wanda ke bibiya da wanda ya ɗauke ƙananan nauyi. Akwai kuma CLIP, inda wanda CUNY ta karɓa zai iya jinkirta shiga, ya yi awa 25 a mako yana koyon Ingilishi zalla a kan kuɗi kaɗan, ba tare da ya taɓa tallafinsa na Pell ba. Ga namu da suka je da Faransanci, wannan ya fi kama da hanya, ko da yake a idon uwa ita ma shekara ce da ba a tara kiredi ba.

Kalmar kiredi ba baƙuwa ba ce ga ɗalibanmu na Abdou Moumouni, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tawa, tunda tsarin LMD da shi ake tafiya: 30 a zango, 180 a lisansi. Sai dai ma'aunin ba ɗaya ba ne. Kiredinmu biyu ne ake ɗauka kusan kwatankwacin nasu guda, kuma kwalejin ce ke da ta cewa a kan abin da za ta karɓa. Wanda ya yi shekara biyu a amfi a nan kada ya ɗauka za a ɗora masa daga inda ya tsaya. Kuma kada ya ɓoye takardunsa don gudun wahalar fassara, domin darasi ɗaya na lissafi ko na kimiyya da aka amince masa na iya tsallakar da shi gwajin da zai ci masa shekara.

Mun sake kiran uwar nan. Ba mu ce mata ɗanta mai gaskiya ne ba, don ba mu ga takardarsa ba. Mun ce ta bar tambayarsa ajin nawa yake, tambayar ba ta da amsa a can. Ta tambaye shi kiredi nawa ya tara cikin 60, ko ya ci rubutun Ingilishi na farko da lissafin farko, da kuma awa nawa yake aiki a mako. Ta ce ta ukun ba sai ta tambaya ba, ita ta san nawa yake aiko mata kowane wata.

A shirinmu na ilimi mai zuwa za mu buɗe layi ga ƴan uwa mazamna Amurka da suka bi ta waɗannan kwalejoji, waɗanda suka gama da waɗanda suka ajiye a hanya. Wanda bambancin lokaci zai hana shi kira yana iya aiko da saƙon murya ta WhatsApp, za mu sa shi a iska ba tare da ambaton suna ba.